Hannun Saje da Danjar Mararraba

A unguwar babu wanda ya san sunansa na yanka, shi kuma bai damu a sani ba. Saje ake ce masa can gida, Saje 'yarsa take ce masa idan tsokana ta motsa mata. Har matar da ke sayar da burodi a ƙasan benensu, wadda ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa, ta koyi faɗin Saje, sai dai tana jan ƙarshen sunan kamar mai kiran kyanwa.

A tsakiyar titi ya yi rayuwarsa. Ɗan sanda ne mai ba da hannu, tun gashinsa na baƙi wuluk har furfura ta cinye kan, kuma a mararraba guda, wadda ke bakin babbar kasuwar garinsu. Abokan shigarsa aiki sun yi ta kamun ƙafa a mayar da su ofis, inda akwai fanka da kujera. Shi ko sau ɗaya bai nema ba. Farar safar hannunsa da usur ɗinsa sun ishe shi sarauta. Idan aka turo masa sababbin kurata su koyi aiki, abu ɗaya yake nanata musu har su gaji: hannu ado ne, ido ne ke tsayar da mota. Ka kama idon direba ka riƙe, ƙafarsa za ta nemi burki da kanta.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Yana da zafin rai, kuma motoci da yawa sun tafi gida da shatin tafinsa a goshinsu. Ya tsani mai tsayuwar banza. Duk wanda ya daɗe a bakin mararrabarsa ba saye ba sayarwa, sai ya ji dalili, in dalilin bai gamsar ba a ƙarasa maganar a caji ofis. Amma abin da yake taƙama da shi gaskiya ne: duk tsawon aikinsa, mota ba ta taɓa bugun mota a ƙarƙashin hannunsa ba.

Bayan ya yi ritaya da 'yan shekaru matarsa ta rasu. Autarsa, wadda ke aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, ta zo ta'aziyya, ta ga uban nata ya koma shayi da safe shayi da yamma, wuyan riga ya yi masa yawa. Ta ce ba za ta tafi ta bar shi haka ba. Ƙaninsa, wanda 'ya'yan Saje ke kira Kawu, bai so tafiyar ba. Ya ce tsoho da ƙasar da ba a jin yarensa, ina amfani? In abin ya gagara a dawo masa da ɗan'uwansa, ɗakin baya yana nan. Saje ya san ɗakin. Nan gwaggonsu ta ƙare kwanakinta, ana miƙa mata kwano a ja ƙofa, ana gaishe ta daga tsakar gida da murya mai ƙarfi. A ransa ya rantse ba zai kwana a ɗakin nan ba, ya bi Auta.

Sharaɗin zaman sabuwar ƙasa ba wanda ya furta shi, amma kowa ya san shi. Auta tana fita asibiti da sassafe, ba ta dawowa sai yamma. Mijinta direban motar kaya ne, wani lokaci sai ya kwana biyu a hanya. Ba mai zama da Baba. In ya iya da kansa, ya zauna. In hankalin Auta ya kasa kwanciya, to, Kawu ya riga ya yi tayi.

Gidan a saman bene yake, ƙarami, tsaf-tsaf. Tagar ɗakinsa bangon maƙwabta take kallo da layin kwandunan shara, amma tagar kicin tana kallon babban titi. Nan Auta ta tsayar da shi a makon farko, ta nuna masa da cokalin da ke hannunta.

"Baba, ka ga itatuwan can ƙetaren titi? Lambu ne, akwai bencuna. Tsofaffi na zama su sha iska. Ka riƙa zuwa, kada zaman ɗaki ya kama ka."

"Titin nan ne kawai tsakani?"

"Shi kaɗai. Ka danna maɓallin jikin danja, in ɗan mutumin da ke cikin fitilar ya zama kore ka wuce. Ko sai na raka Saje ya tsallaka titi?"

Ya yi dariya har da tari. Washegari ya goge rigarsa da wandonsa kamar mai zuwa fareti, ya sauka, ya amsa gaisuwar mai burodi, ya isa mararraba. Ya danna maɓalli. Ɗan mutumin ya zama kore, motoci suka tsaya a jere, jama'a suka zuba cikin titi. Saje ya ɗaga ƙafa, idonsa ya tafi neman abin da ya saba nema, bai samu ba. Wannan direba fitila yake kallo, wancan yana hamma, waccan tana gyara gashi a madubi, wani kuma gilashinsa ya ɗauki hasken sama ba a ma ganin ko da mutum a ciki. Babu wanda ya dube shi. A saninsa, mutumin da bai kalle ka ba bai tsaya dominka ba, don kansa ya tsaya, kuma don kansa zai tashi. Ya kwashi mutane daga kan kwalta da hannunsa, ya san nauyinsu. Ƙafar da ya ɗaga ta koma inda ta fito. Fitila ta sauya, ta sake sauyawa, yana nan.

Da yamma Auta ta tambaye shi, "Ya lambu, Baba?"

"Lambu lafiya lau," in ji shi, ya ja kofin shayinsa.

Daga nan ƙaryar ta fara 'ya'ya. Auta mai son labari ce, shi kuma ba ya son ganin damuwa a fuskarta. Kafin wata ya ƙare lambun ya sami ɗan tafki da agwagi, ya sami wani tsoho mai lofe da ke zama a benci ɗaya da shi, tsohon kuma ya sami kare mai ɗingishi. Ba sa jin yaren juna, in ji Saje, amma suna fahimtar juna sarai. Auta har gaisuwa take bayarwa a kai wa mai lofe. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gane maƙaryaci tun kafin ya buɗe baki, ga shi yana shirya tasa tun daga matattakala, yana kuma jin kunyarta har cikin ƙashinsa.

Inda yake wuni kuwa shi ne ƙarƙashin rumfar kantin magani, taku kaɗan daga danja. Nan yake tsayawa, hannuwa a baya, yana kallon aikin da aka ba fitila. Da farko raina ta ya yi. Ba ta san tsohuwa mai sanda na bukatar a ƙara mata lokaci ba, ba ta san a saki layin da ya cika a riƙe wanda ba kowa ba. Daga baya ya fara ba ta haƙƙinta, ko da yake da ƙyar: ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta da ɗan'uwa a cikin direbobi. Ya kalle ta har ya haddace numfashinta. Yakan ji a jikinsa lokacin da za ta sauya tun kafin ta sauya.

Akwai mai kallonsa shi ma. 'Yar sandar unguwar ce, mace mai jiki, sa'ar Auta, da ƙafa take zagaye, tana tsayawa ta yi hira da mai burodi da mai wankin kaya kamar ba aiki ta fito ba. Saje ya duba ta duban sufeto. Takalmi ya sha gogewa, ta ci wannan. Hula ta ɗan karkace, ta faɗi wannan. Ya kuma san ta riga ta sa shi a ido, don ɗan sanda ba ya ɓoye wa ɗan sanda irin wannan kallo. Ya san abin da shi zai yi wa baƙon da ke tsaye kullum a wuri ɗaya ba saye ba sayarwa. Saboda haka da ya hango ta sai ya juya ya dukufa kallon burushin haƙori a gilashin kantin, kamar mai shirin sayen na gari duka. Ita kuwa in ta zo wucewa sai ta gyaɗa masa kai. Bai yarda da gyaɗa kan nan ba. Shi ma ya sha gyaɗa wa mutum kai ran Litinin ya kama shi ran Laraba.

Ranar da abin ya faru ana yayyafi tun safe. Yana tsaye a rumfarsa sai danja ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu, ta kowane ɓangare. A faɗi gaskiya, abin da ya fara zuwa zuciyar Saje murna ce. Da ya ƙara haƙuri kaɗan da ya ga motocin sun rage gudu da kansu, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya gani ba. A garinsu danja ta mutu na nufin kafin ka ƙifta ido an sarƙe, hon na tashi, zagi na tashi. Bai san lokacin da ya bar rumfa ba. Titin da ya gagare shi watanni, sai ga shi a tsakiyarsa, ƙirji a buɗe, ƙafafu a ware, ruwa na sauka a kan furfura.

Wata babbar bas ta taho daga dama. Ya ɗaga mata hannu yadda ya saba, da wuri kuma da ƙarfi. Direbobin da ya sani ba sa tsayawa a hannun farko. Sai sun yi gardama da shi, sun ja jiki, sun ƙara tsawon mota guda suna kallon gefe, saboda haka mai ba da hannu yakan ɗaga tun da sauran fili, ya bar musu wurin taurin kai. Direban bas ɗin nan ba shi da taurin kai ko na sisi. Yana ganin tafin hannu a sama ya taka burki har ƙasa. Ƙaramar motar da ke binsa ba ta yi zato ba, ta shige bayan bas ɗin. Fitilunta suka tarwatse a kan kwalta.

Mararraba ta yi tsit. Saje na tsaye da hannu a sama, ya manta yadda ake sauke shi. Wata yarinya ta fito daga ƙaramar motar, ba jini, ba rauni, amma kuka take. Yanzu kam kowa shi yake kallo, idanun da ya yi watanni yana nema sun zo masa gaba ɗaya.

'Yar sandar ta iso da sassarfa. Saje ya sauke hannu, ya ƙame, ya haɗa wuyan hannuwansa biyu ya miƙa mata. Ya san tsarin, ba sai an wahalar da juna ba. Ta dubi hannuwan, ta dubi fuskarsa, ta kama gwiwar hannunsa a hankali kamar yadda ake kama uba, ta fitar da shi zuwa gefen da ya fi kusa. Gefen lambu ne. Ta zaunar da shi a benci ƙarƙashin wata bishiya a bakin ƙofa, ta yi masa alamar ya jira.

Daga nan ya kalli aikinta. Ta lallashi yarinyar, ta yi magana da direban bas, ta sa aka matsar da motocin gefe, ta share gilashi da gefen takalminta. Yana jira ya ga ta shiga tsakiya ta ba da hannu. Ba ta shiga ba. Ta hau gefen titi ta tsaya, motoci suka ci gaba da kansu, wannan ya wuce, wancan ya jira, ba hon ba zagi, danja kuwa a mace. Wannan ya fi karon motar yi masa ciwo. Mararrabar ba ta neme shi ba tun farko.

Da wayarsa 'yar sandar ta kira Auta. Ba a jima ba sai ga ta da kayan aiki a jikinta, tana haki, ta durƙusa tana taɓa kafaɗunsa da gwiwoyinsa.

"Baba, ka ji ciwo? Ina ne ke maka ciwo?"

"Ba ni na ji ba. Ki tambayi 'yar sandar lafiyar yarinyar can."

'Yar sandar ta yi magana mai tsawo, Auta na saurare. Saje ba ya jin ko kalma, amma yana karanta fuskar 'yarsa, ya ga inda tsoro ya sauka, ya ga inda wani abu dabam ya hau.

"Ta ce ba wanda ya ji rauni," in ji Auta. "Ta ce wannan karon gargaɗi ne, amma kada ka sake shiga titi ka tsayar da mota. Ta tambaya ko aikin da ka yi ke nan a gida, wai tun ranar farko ta gane daga tsayuwarka."

"To me ya hana ta kore ni, tun da ta gan ni?"

Auta ta juya tambayar. Matar ta ɗaga kafaɗa ta ba da amsa gajeriya.

"Ta ce tsayuwa ba laifi ba ce."

Saje ya sunkuyar da kai. Fuskoki da dama suka zo masa, na mutanen da ya kora daga bakin kasuwa, waɗanda wataƙila su ma ba su da inda za su ne.

"Akwai saura," in ji Auta, muryarta ta yi ƙasa. "Ta ce kullum a bakin kantin magani take ganinka, safe har azahar. Ta ce ba ta taɓa ganin ka tsallako nan ba. Baba, ina tsohon mai lofe?"

Sai a lokacin ya waiga ya dubi lambun da ya daɗe yana ba da labarinsa. Ƙarami ne, bai kai rabin wanda ya gina mata ba. Babu tafki, balle agwagi.

"Ba sa kallona, Auta," ya ce. "Na danna abin, sun tsaya, amma ba sa kallona. Ƙafata ta ƙi."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta riƙe hannunsa suka tsallaka tare, ta kai shi gida, ta koma aiki. Da yamma ya ji ta a kicin tana waya da mijinta ƙasa-ƙasa, ya kuma ji an ambaci Kawu. Da ta kawo abinci ta zauna a gabansa, idanunta sun yi ja.

"Baba, ba ƙaryar ce ta dame ni ba. Watanni kana tsaye a titi cikin sanyi da ruwa, ni ina can ina murna ka yi aboki. Yau da bas ɗin nan bai tsaya ba fa? Ba zan iya riƙe allura hankalina na mararraba ba. In kuma na ce ka zauna a ɗaki, na kawo ka kurkuku ke nan. Can gida aƙalla akwai masu jin maganarka."

"Ɗakin baya," in ji shi.

Hawaye suka zubo mata.

"Ki ba ni gobe."

"To zan nemi izini in raka ka, in riƙe ka."

"In kin riƙe ni, ke kika tsallaka. Ki nemi izinin, amma ki tsaya a tagar kicin. In kin ga na juyo, ki kira kawunki da kanki, ba zan ce uffan ba."

Da safe ya goge kayansa, ya daɗe a kan karin wando fiye da kullum. Mai burodi ta kira sunansa da jan nan nata, ya ɗaga mata hannu. An gyara danja. Bai tsaya a rumfar kantin magani ba, don ya san in ya tsaya ya tsaya ke nan. Ya danna maɓalli, ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihu don kada su yi masa shisshigi.

Ɗan mutumin ya zama kore. Ya duba, ba zai iya hana kansa ba. Na gaba yana cin wani abu daga takarda, na kusa da shi fitila yake kallo. Ba abin da ya canza, ba wanda ya san Saje na duniya. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban tirela. Ya tuna direban bas na jiya, wanda bai san shi ba, bai ga kaki a jikinsa ba, amma ya taka burki don kawai an ce ya tsaya. Mutanen nan ba sa kallon mutum, amma suna tsayawa. Da wannan ɗan abin ya sa ƙafa a kwalta.

Titin ya yi masa faɗi. Yana jin zafin injuna a gefen fuskarsa, gumi na bin bayansa duk da sanyin safiya. Wata tsohuwa mai jan kwandon cefane ta wuce shi ba ta ko waiga ba. Ya bi bayanta, taku bayan taku, har takalminsa ya hau dakalin ƙetare.

'Yar sandar na bakin ƙofar lambu, hannuwa a baya, ta dukufa kallon wata bishiya kamar yau aka dasa ta. Saje ya gane wannan kallo, irin na burushin haƙori ne. Da ta juyo ta gyaɗa masa kai, ya gyaɗa mata, hularta ma yau bai ga karkacewarta ba.

Ya juya ya fuskanci motocin. Ya ji a jikinsa danja na gab da sakinsu. Hannunsa na dama ya fito daga aljihu, daga nan gefen titi, bai wuce tsayin ƙugu ba, ya ba su hanya. Suka tashi gaba ɗaya. Ya san sarai ba hannunsa suka bi ba, kuma ya ba su duk da haka.

Can sama, a tagar kicin, labule ya motsa. Bai daɗe yana kallo ba, don idonsa ya fara kawo ruwa, kuma ba a san Saje da wannan ba. Ya gyara wuyan rigarsa ya shiga lambun, yana dube-dube ko Allah zai sa a dace da wani tsoho mai lofe, ko da babu karen.